Da gaske za a haɗe Netflix da DStv a kuɗi ɗaya? Zan sayi talabijin, ina neman shawara

Abban_Khalifa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce da ni, kuma kuɗina ne a ciki, shi ya sa na kawo ta nan kafin in yi gaban kaina.

Talabijin ɗin falonmu ya shekara goma sha ɗaya. Kwanan nan wani koren layi ya ratsa fuskarsa daga sama har ƙasa, mai gyara ya ce gilashin ne, kuma kuɗin gyaran ya kusa na sabo. Ranar Asabar na shiga France Road ina taya sabo. Mai shagon ya jera min guda biyu masu girma ɗaya: na gargajiya wanda sai an jona masa dikoda, da mai shiga intanet da kansa. Tazarar kuɗin ba kaɗan ba ce. Ya ce in daure in ɗauki mai intanet, wai tunda kamfanin Faransa ya saye DStv an kusa haɗe shi da Netflix, kuɗi ɗaya za ka biya a wata ka kalli ƙwallo da fina-finai, har ma wai dish ya kusa daina aiki. Da na je ofis ranar Litinin wani kuma ya ce MTN ma tana shirin kafa nata.

To masu sani, mene ne gaskiya a ciki, mene ne raɗe-raɗi? In ƙara kuɗin ne saboda abin da ke tafe, ko in sayi na gargajiya in zuba ido?

Bakatsine

Wa alaikumus salam. Sayen gaskiya ne. Canal+, kamfanin Faransan da ya faɗa maka, ta karɓi ragamar MultiChoice, mai DStv da GOtv, a watan Satumba na 2025, a kan rand 125, kuɗin Afirka ta Kudu, kowane hannun jari. Amma maganar za ka biya kuɗi ɗaya a Najeriya ka samu Netflix a ciki, wannan hasashe ne mai shago ya mayar da shi labari. Kar ka yi cinikin biri a sama.

Ɗan_Maraɗi

Malam Bakatsine, hasashen fa yana da tushe, ba daga sama ya faɗo ba. Mu nan Nijar abin ya riga ya faru. A watan Yuni na 2025 Canal+ da Netflix suka sanar da yarjejeniya ta ƙasashe 24 na Afirka masu amfani da Faransanci, daga Yuli aka fara. Can Faransa kuwa tun 2019 suke tare. Saboda haka wanda ya ce tunda gida ya zama ɗaya abin zai tsallako zuwa Najeriya, bai yi ƙarya ba, zato ya yi mai ƙarfi.

Sai dai ga abin da mutane ba su gane ba. Wani maƙwabcina ya ɗauka daga paranti, wato dish, Netflix ɗin zai sauko kamar sauran tashoshi. Ya biya abonma, wato kuɗin wata, ya zauna da iyali bayan isha'i, tele ta ce masa a haɗa ta da intanet. Yarjejeniyar ta kuɗin shiga ce kawai. Fim ɗin kansa ta intanet yake zuwa, kuma kai za ka sayi intanet ɗin.

Bakatsine

Na karɓi gyara, ɗan'uwa. Ruwa ba ya tsami banza. Amma har yanzu ina kan bakana cewa abin da aka yi a Maraɗi bai zama alkawari ga mutumin Kano ba.

Injiniya_Zariya

Abban Khalifa, bari in warware wani ƙulli, don kalmar nan “haɗin gwiwa” ita ke rikita mutane. Idan aka ce kamfanin dish da kamfanin fim na intanet sun haɗa kai, ba abu ɗaya ake nufi kullum ba.

Wani lokaci abin da aka yi kawai shi ne an saka manhajar wancan a cikin dikodar wannan. Ka danna rimot ka shiga, amma sai kana da rajistarka ta daban, ka biya daban. Wani lokaci kuma takardar biya ce aka haɗe, kuɗin biyu na nan yadda suke, hannu ɗaya ne ke karɓa. Wanda mai shagonka yake kwaɗaita maka shi ne na uku, a cusa wancan cikin farashin wannan har ka ga ragi. Shi ne ya fi wuya, domin dole ɗaya daga cikinsu ya haƙura da wani kaso na ribarsa.

Kuma DStv da Netflix ba yau suka fara ba. A watan Yuni na 2020, cikin takardun rahoton kuɗi na shekara da MultiChoice ta fitar, aka hango layin da ke cewa sun sa hannu da Netflix da Amazon. Labari ya cika jaridun Afirka ta Kudu, kowa na ta lissafin yadda za a yi. Kafin ƙarshen shekarar aka fito da dikodar Explora Ultra, da manhajar Netflix a ciki. Raɗe-raɗin ya tabbata kenan, amma mai dikodar bai samu Netflix kyauta ba, kuma bai tsira daga sayen data ba.

Maman_Ilham

Injiniya, to ni abin da ban gane ba, me zai sa DStv ta buɗe wa kishiyarta ƙofa? Ai kamar mai shago ne ya ba ɗan tebur wuri a bakin ƙofarsa yana sayar da irin kayansa.

Injiniya_Zariya

Hajiya, misalinki ya yi daidai, sai dai ki ƙara da cewa mai shagon ya lura mutane sun fara wuce shi suna tafiya wajen ɗan teburin a wani layi. Gara ya jawo shi bakin ƙofa, ya karɓi la'ada, masu saye kuma su ci gaba da taka dokin ƙofarsa. Duk faɗan da ake yi a kan abu ɗaya ne: idan kin kunna talabijin, fuskar wa za ki fara gani, kuma rimot ɗin wa ke hannunki. MultiChoice da kanta ta bayyana cewa ta rasa masu biya miliyan 1.4 a Najeriya cikin shekara biyu, daga Maris 2023 zuwa Maris 2025, ta kuma danganta hakan da tsadar rayuwa da matsalar wuta da ta mai. Kamfanin da yake cikin wannan hali zai nemi duk abin da zai riƙe mutum.

Baƙon_Ohio

Ina gaida kowa. Na daɗe a Amurka, kuma irin wannan labari na ga tashinsa da faɗuwarsa sau da yawa, bari in ba ku biyu da na bi su tun daga farko.

A watan Maris na 2010 jaridar New York Times ta ce Google da Intel da Sony suna ƙulla wani abu da zai shigo da intanet cikin talabijin. Cikin wata biyu, a Mayu, Google ta tabbatar, aka sa masa suna Google TV. Kamfanin Logitech ya ƙera akwatin, Revue, dala 300. Mutane suka saya da zumuɗi. Da akwatin ya shiga gidaje sai manyan tashoshin ƙasar, ABC da CBS da NBC, suka toshe shafukansu, ba a iya kallon shirye-shiryensu ta cikinsa. An haɗa kai da masu ƙera na'ura, ba a gama magana da masu abin kallo ba. Shekara ba ta cika ba aka karya farashin zuwa dala 99, kuma a ƙarshen 2011 shugaban Logitech ya amsa cewa kuskure ne da ya ci musu sama da dala miliyan 100. Wani abokin aikina ya saya a farashin farko. Na je gidansa bayan wata shida, akwatin na ƙarƙashin tebur, faifan maɓallansa ne kawai yara ke wasa da shi.

Na biyun, Maris 2014, Wall Street Journal ta ce Apple na tattaunawa da Comcast, babban kamfanin ƙasar mai kai talabijin da intanet gidaje ta waya. Abin da aka ce Apple na nema shi ne a ware wa bidiyonta hanya ta musamman a kan wayar da ke shiga gidaje, kada cunkoso ya riƙa tsayar da shi. An yi makonni ana sharhi. Ba abin da ya fito. Sai a Mayu 2024, bayan shekara goma, Comcast ta haɗa Apple TV+ da Netflix da nata dandalin kallo, Peacock, a dala 15 a wata ga masu amfani da layinta, abin da ma ya sha bamban da wanda aka yi ta yayatawa.

Ka ga na farko ya tabbata ya kuma ci kuɗin mutane, na biyu bai tabbata ba sam. Abban Khalifa, da wani ya sayi talabijin a 2014 saboda wancan labari, da talabijin ɗin ya tsufa kafin ya ga komai.

Abban_Khalifa

Allah ya saka da alheri, Yallabai. Wannan na Google TV ya taɓa ni, don ni ma abin da nake tsoro kenan, in biya kuɗin abin da bai iso ba.

Sani_Sola

Ku yi haƙuri in katse ku. Duk kuna maganar kamfanoni, ba wanda ya tambayi Abban Khalifa awa nawa suke samun wuta, kuma da me zai shiga intanet.

Ga lissafin Netflix da kanta: hoto mai matsakaicin kyau yana cin kamar giga 1 a awa, mai tsabta har giga 3, na ƙoli har giga 7. A ce gida na kallo awa uku kullum a mai tsabta, giga 9 kenan a rana, 270 a wata. Ku je ku duba kuɗin giga 270 yanzu, bayan ƙarin kashi 50 da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya a Janairu 2025. Dish kuwa ko awa ashirin da huɗu ka bar shi a kunne kuɗinsa bai ƙaru ba. Wanda ya ce dish ya kusa daina aiki a Arewa bai yi wannan lissafin ba.

Hajiyar_Kaduna

Wallahi Sani ka faɗi abin da ya same mu. Lokacin hutu na sayi data ta wata guda a ƙaramin akwatin intanet na wani kamfani, na haɗa da talabijin saboda jikoki. Ranar ta shida da safe saƙo ya shigo cewa ta ƙare. Ashe idan sun gama kallo kashe talabijin ɗin ba sa yi, wani bidiyo na ƙarewa wani na hawa da kansa, har su yi barci. Na kira masu kamfanin suka karanto min abin da aka ci kowace rana, ban da abin cewa. Yanzu na shiga saiti na rage ƙarfin hoton, na kashe wannan mai hawa da kansa ɗin.

Ɗaliba_BUK

Mama, a ina ake rage ƙarfin hoton? Namu ma haka yake yi.

Hajiyar_Kaduna

'Yata, a YouTube idan bidiyo na tafiya akwai alamar saiti kamar ƙaramar taya, ki shiga ki zaɓi 480 ko 360. A Netflix kuma sai an shiga asusun ta waya ko kwamfuta a canza yadda yake jan data. Ɗana ne ya nuna min.

Injiniya_Zariya

Maganar Sani ce ta sa a ganina labarin MTN da aka gaya wa Abban Khalifa a ofis ya fi na DStv muhimmanci a gare mu. Shi ma yana da asali: a Afrilu 2025 MTN ta sanar da haɗin gwiwa da Synamedia, wani kamfanin Birtaniya mai fasahar bidiyo, don gina dandalin kallo na nahiyar. Sanarwar niyya ce, ba abin da za ka sayi talabijin dominsa ba. Amma ku lura, wanda ke sayar da data shi kaɗai ne zai iya cewa kalli wannan ba tare da an ci maka data ba, ko a rabin kuɗi. Kamfanin fim ba shi da wannan ikon.

Baƙon_Ohio

Injiniya, a nan zan ɗan ja da kai. Abin yana da daɗin ji, amma shi ne ainihin abin da aka shekara fiye da goma ana rigima a kansa a nan. Idan mai layi yana da nasa dandali, ya sa nasa kyauta, na wasu kuma da tsada, to ya zaɓar maka abin da za ka kalla ba tare da ya hana ka komai a baki ba. A Fabrairu 2014 sai da Netflix ta yarda ta biya Comcast don ta jona kai tsaye da layinta, bayan watanni masu kallo suna kukan hoto na tsayawa. Hukumar sadarwa ta ƙasar ta kafa dokar daidaita kowa a intanet a 2015, aka soke ta a 2017, aka dawo da ita a 2024, kotu ta sake rushe ta a farkon 2025. Babban kamfani zai iya biya. Ƙaramin dandali na fina-finan Hausa fa, da me zai biya?

Injiniya_Zariya

Ban musa ba, Yallabai. Amma mutumin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, idan aka ce masa ga kallo babu cin data, ba zai tsaya tunanin dokar Amurka ba. Ina faɗin abin da zai faru ne, ba abin da ya fi dacewa ba.

Edita_Zoo_Road

Na gode wa Baƙon Ohio da ya tuna da mu. Shekara tara ina tace fim, kuma duk lokacin da aka ce manya sun haɗa kai, tambayar da nake yi ita ce ina mu a ciki?

Mun ga yadda kasuwar faifai ta mutu a hannunmu. Masu tura fim a waya suka maye gurbinta, a bakin titi da laftof, ba ko sisi da ke komawa ga mai fim. Aka koma YouTube da shirye-shirye masu dogon zango, don can ne kaɗai ka san za a ba ka kashi 55 na kuɗin talla. Amma tallan da ake sa wa mai kallo a Kano ba ya kawo abin da na mai kallo a Jidda ko Landan yake kawowa, shi ya sa furodusa ke ƙirga 'yan'uwanmu na waje kamar zinare. An kafa namu na gida irin su Northflix, Arewa24 ma tana da nata na intanet, amma jama'armu ba su saba biyan kuɗin wata don kallo a waya ba.

Manyan kuma sun nuna mana iyakarsu. Amazon ta shigo Najeriya da ƙarfinta, a Janairu 2024 ta ce ta daina ba da kwangilar sababbin shirye-shirye a Afirka. Ko lokacin da take bayarwa Legas aka fi sani. Saboda haka ni ko an haɗe Netflix da DStv gobe, idan ba za a sayi aikin Hausa da daraja ba, an haɗe kasuwar wasu ne a falonmu.

Ɗan_Maraɗi

Edita, kar ka yanke ƙauna. Canal+ ta sha bamban da Amazon ta wannan fuska, tana zuba kuɗi a harsunan gida saboda ta san da su take riƙe mutane. Tun 2019 ta sayi ROK, sashen shirya fim na iROKO, kamfanin fina-finan Najeriya na intanet, tana fassara fina-finan Najeriya zuwa Faransanci. Kuma Hausawa muna ɓangarori biyun, Nijar da Chadi da Kamaru a nata tsohon yanki, Najeriya da Gana a na MultiChoice. Yanzu kamfani ɗaya ne yake da dikoda a Zinder da Zariya. Idan masu fim suka je da murya ɗaya, suna da abin ɗorawa a kan tebur.

Edita_Zoo_Road

Allah ya sa. Amma ka juya maganar ka gani: da masu saye biyu ne, in wannan ya taya maka da arha ka je wajen wancan. Yanzu ɗaya ne.

Zongo_Kumasi

Gaskiyar Edita. Mu nan iyayenmu mata fim ɗin Hausa suke so, kuma a YouTube suke samu. An saya wa kakata talabijin mai intanet, ba ta san sunan ko kamfani ɗaya ba, jan maɓallin kawai ta sani.

Mai_Gidan_Kallo

Ni ƙwallo ce sana'ata, benci goma sha huɗu da talabijin uku da janareta. Na gwada nuna wasa ta intanet sau ɗaya da dikoda ta samu matsala. Gidan kallon da ke bayanmu suna kan dish. Sai mu ji ihunsu an ci, mu kuma a allonmu ƙwallon tana tsakiyar fili, sai bayan kusan rabin minti mu gani. Kafin a tafi hutun rabin lokaci rabin mutanena sun koma can. Duk haɗin da za a yi, idan wasa kai tsaye ne, dish ne gaba har yanzu.

Kuma ku tuna Showmax, dandalin kallo ta intanet na MultiChoice. A Maris 2023 MultiChoice ta haɗa kai da Comcast, ita kashi 70 su 30, aka sake gina shi a kan fasahar Peacock aka buɗe a Fabrairu 2024. Mutane suka yi ta murna za a ga Firimiya da arha. Da ya zo, tsarin ƙwallon na waya ne kawai, ba ya hawa babban allo. Sun san idan suka sake shi a talabijin sun kashe dikodarsu da hannunsu.

Bakatsine

Wannan ita ce amsar mai shagon da ya ce dish zai mutu. Masu dish ɗin ne ke riƙe da ƙwallo, kuma ba su shirya sakinta ba.

Mai_Gyara_Sabon_Gari

Abban Khalifa, bari in yi maka magana ta wanda ke buɗe bayan talabijin kullum. Gilashi mai kyau yana shekara goma. Ƙwaƙwalwar da ke cikin mai intanet kuwa, musamman masu arha, bayan shekara huɗu ko biyar za ka ga ta yi nauyi, wata manhajar ma ta daina buɗewa saboda an daina sabunta ta. Ana kawo min su da yawa, allo lafiya lau, mai shi yana cewa ya lalace.

Kuma ba duka ne iri ɗaya ba. Samsung na da tsarinta Tizen, LG na da webOS, Hisense na da VIDAA, wasu kuma na Google suke ɗauka. Manhajar da ke wannan ba lallai ta kasance a wancan ba, ya danganta da wa ya daidaita da wa. Shawarata, sa kuɗinka a allo mai kyau da ramukan HDMI, inda ake jona dikoda, aƙalla biyu. Wayon kuma ka saye shi daban, ɗan ƙaramin abin da ake soka wa a baya. Ranar da kamfanoni suka ɓata ko suka shirya, shi kaɗai za ka canza.

Baƙon_Ohio

Maigyara ya yi gaskiya a kan ɓatawa. A ƙarshen 2017 Google ta janye YouTube daga Fire TV, abin sokawar Amazon, saboda Amazon ta ƙi sayar da na Google, Chromecast, a shagonta. Sai a 2019 suka shirya manhajar ta dawo. A 2021 kuma Roku, wani mai ƙera irin waɗannan na'urori, da Google suka kai ruwa rana tun daga Afrilu har Disamba. Wanda ya sayi na'ura da kuɗinsa shi ne ya zauna yana jiran su huce.

Ɗaliba_BUK

To waɗannan akwatunan da ake sayarwa a kasuwa, da ake cewa tashoshi dubu kyauta har abada fa? Babanmu na son saya.

Mai_Gyara_Sabon_Gari

Ƙanwata, ki ba Baba haƙuri. Na farko, tashoshin sata ne, yau suna nan gobe an rufe. Na biyu, yawancinsu ba su da shaidar Google, don haka ko kin biya Netflix hoton ba zai fito da tsabta ba, a dishi-dishi za ki gani. Na uku shi ne mafi muni: a Yuni 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan irin waɗannan akwatuna marasa suna da ke zuwa da muguwar manhaja tun daga masana'anta, Google ma ta shigar da ƙara tana cewa na'urori sama da miliyan 10 abin ya shafa. Suna amfani da intanet ɗin gidanku su yi aikin wasu, ku kuna biyan data.

Malam_Na_Islamiyya

Ina bin zancen nan tun safe. Akwai abin da ban ga an taɓa ba sai Hajiya ta ɗan gifta ta kansa. Dish tashoshinsa ƙirgaggu ne, uba zai iya zama ya kulle waɗanda bai yarda da su ba da lambar sirri. Intanet a falo kuwa ba ta da ƙarshe. Ban ce kada a saya ba, akwai karatu da tafsiri da darussan makaranta a ciki masu yawa, ni kaina ina amfana. Amma Abban Khalifa, ranar da ka kawo shi gida, kafin yara su taɓa rimot, ka zauna ka buɗe musu sashen yara, ka sa wa naka lamba. Kuma ya zauna a falo, kada ya shiga ɗaki.

Maman_Ilham

Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ni wani abu ne ma yake damuna. An ce talabijin ɗin da kansa yana lura da abin da ake kallo yana aikawa. Gaskiya ne ko tsoratarwa?

Baƙon_Ohio

Gaskiya ne, Hajiya, kuma an taɓa hukunta wani a kai. A Fabrairu 2017 kamfanin Vizio ya biya dala miliyan 2.2 bayan hukumar kare masu saye ta Amurka ta tuhume shi da tattara bayanan kallo daga talabijin miliyan 11 ba tare da izinin masu su ba. Kuma wannan ya dawo da mu kan raɗe-raɗi: a Fabrairu 2024 aka fara jin ƙishin-ƙishin Walmart, babban kantin ƙasar, zai sayi Vizio. Mako guda aka tabbatar, dala biliyan 2.3. Mai sayar da shinkafa da sabulu me zai yi da kamfanin talabijin? Talla. Ribar Vizio ta fi fitowa daga talla da bayanan masu kallo fiye da sayar da allon kansa. Idan an kunna sabo yana jero tambayoyi a amince, kada a yi ta danna “na yarda” a jere. Wanda ya shafi bayanan kallo ana iya ƙin sa, talabijin zai yi aiki.

Abban_Khalifa

Jama'a na gode ƙwarai, ban zaci zan samu haka ba. Jiya da daddare na zauna da uwargida muka yi lissafin Sani. Ita shirye-shiryen Hausa take bi, yara zane-zane, ni ƙwallo ranar Asabar da Lahadi. Dikodarmu na nan ba za mu cire ba. Na fi karkata ga shawarar Maigyara, allo mai kyau da ɗan abin sokawa, in kuma haɗin ya tabbata wata rana sai mu duba farashinsa a lokacin.

Injiniya_Zariya

Hakan ya yi, sai dai kar ka yi mamaki idan ka koma ka tarar daga inci 43 zuwa sama yawancin masu allo mai kyau duk masu intanet ne. Na gargajiyar sun fara ƙaranci. Idan haka ne ka ɗauka don allonsa, ba dole sai ka haɗa shi da intanet ba.

Ɗan_Maraɗi

Ni dai ina nan kan zatona cewa zai tsallako, kuma ba zai daɗe ba. Wanda ya kashe wannan maƙudan kuɗi ya sayi kamfani ba zai bar yarjejeniyar da ke hannunsa ta tsaya a bakin iyakar Jibiya ba.

Edita_Zoo_Road

In ya tsallako, ɗan'uwa, ka duba mana ko akwai rukunin Hausa a fuskar farko ko sai an yi ta tono.

Sani_Sola

Abban Khalifa, abu ɗaya kafin ka biya: ka juya bayansa ka karanta wat nawa yake ja, ka turo min tare da girman inbatarka da batir nawa ne. Akwai masu inci ɗaya da tazararsu ta kai wat talatin, kuma da dikoda da akwatin intanet a kai, wannan tazarar ce za ta nuna ko za ku ga ƙarshen wasan dare.

Abban_Khalifa

To Malam Sani, gobe in sha Allahu bayan la'asar zan koma shagon, zan ɗauko hoton takardar bayan duka biyun in sa a nan. Maigyara, wane irin abin sokawar ne ke da shaidar Google ɗin, kuma ta yaya zan gane na gaske a kwali?